Tattabarar da Ta San Inda Za Ta Tsaya

A cikin ire-iren tattabarun da ɗan Adam ya hayayyafa akwai wadda naman jikinta bai taka kara ya karya ba, ba ta kai saƙo, gashinta ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya sa ake kashe mata kuɗi da lokaci guda ɗaya ne. Tana cikin tashi sai ta jefa kanta ta baya, ta dunƙule, ta yi ta alkafura da saurin da ido ba ya iya ƙirgawa, tana gangarowa, sannan ta ware fukafukai ta koma cikin 'yan'uwanta kamar ba ita ba. Wannan ita ce rola ta Birmingham, wadda ma'aikatan masana'antu da masu haƙar kwal na birnin Birmingham da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Dudley da Wolverhampton, suka fitar a Ingila a ƙarni na 19. Talakawa ne masu 'yan ƙananan akurkai a bayan gida, kuma abin alfaharinsu ranar hutu shi ne su ɗaga kai sama su nuna wa maƙwabci abin da suka iya haɗawa.

Tun daga wancan zamani har yau tambaya ɗaya ce take hana masu wannan kiwo barci: yaya za a yi a samu tsuntsun da yake juyi mai zurfi, mai sauri, amma kuma yana tsayawa kafin ya kai ƙasa? Don kuwa akwai waɗanda ba sa tsayawa. Sukan fara alkafurar daga can sama, su kasa kwance kansu, su zo su bugi rufin gida ko dandariyar ƙasa. Wani ya tashi da jini a ido, wani ya karya ƙirji, wani kuma ko shurawa ba ya yi. Duk wanda ya daɗe a harkar ya tsinci irin wannan gawa a tsakar gidansa, kuma abin da ya fi ciwo, sau da yawa tsuntsun da ya fi burge shi a makon jiya ne.

Alkafurar tattabara ba baƙuwar aba ba ce a tarihi. Abul Fazl, marubucin fadar Sarki Akbar na daular Mughal a Indiya, ya bayyana a littafinsa Ain-i-Akbari, wajen ƙarshen ƙarni na 16, cewa fadar tana da tattabaru sama da 20,000, har ya yi bayanin irin juye-juyen da ake so su yi a sama. Charles Darwin, wanda ya fara kiwon tattabaru a gidansa a 1855, ya kawo labarin masu alkafura a littafinsa na 1868 kan yadda dabbobin gida da tsirrai suke sauyawa a hannun mutum. A can ya ambaci wani iri na Indiya da ake kira lotan, wanda idan aka ɗan girgiza shi aka ajiye a ƙasa sai ya yi ta birgima har sai an ɗauke shi, da kuma wasu na Sikotland da alkafura ta yi musu yawa har tashi ya gagare su. Ke nan tun tuni an san inda wannan hali yake ƙarewa idan aka bar shi ba mai taka masa burki. A yau ma akwai iri na musamman da ake kiwo a Amurka da wasu ƙasashe, wanda da zarar ya balaga ya daina tashi ke nan, sai dai a gara shi a kan ciyawa a auna nisan da ya mirgina. Rola ta Birmingham tana tsakanin wannan tsuntsu da tattabarar gida ta yau da kullum, kuma duk wahalar kiwonta ita ce a riƙe ta a tsakiyar nan.

Masana kimiyya sun leƙa al'amarin. A 1972 Entrikin da Erway suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Journal of Heredity, inda suka nuna cewa halin juyi gado ne mai ɓuya: idan aka haɗa mai alkafura da wadda ba ta yi, 'ya'yan farko ba sa yi, sai a jikoki abin yake sake ɓullowa. Suka danganta shi da ƙwayar gado guda ɗaya. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, Atoosa Samani, mai bincike a ɗakin gwajin Michael Shapiro na Jami'ar Utah, ta haɗa masu birgimar ƙasa da tattabarun tsere, ta bi zuriyarsu. Abin da ta gabatar a 2024 ya tabbatar da cewa halin mai ɓuya ne, amma ta gano wurare biyar dabam-dabam a cikin kundin gadon tsuntsun da suke da hannu a ciki, masu ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Ga mai kiwo, fa'idar wannan bayani a bayyane take. Da abu ɗaya ne tak yake haifar da juyi, da ba a ga 'yan shila biyu daga gurbi ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya zama gwani ɗaya ya zama matacce a kan kwano ba. Zurfi dabam ake gadonsa, sauri dabam, yawan juyi dabam, kamun kai ma dabam, kuma kowace ƙyanƙyasa sabon rabo ake yi.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Suna ɗauka cewa zurfi da kamun kai kishiyoyin juna ne, wato idan kana son tsuntsu mai aminci sai ka haƙura da gajeren juyi. Abin da ake gani a sama bai goyi bayan haka ba. Akwai tsuntsun da yake gangarowa ƙafa 40 idan garke ya yi nisa a sama, amma da zarar an sauko daidai kan bishiyoyi sai ya taƙaita, ya yi ƙafa 5 ko ya ƙi yi sam. Akwai kuma wanda bai taɓa wuce ƙafa 10 ba, amma ba ya bambance sama da ƙasa: yana fitowa daga akurki, bai ko wuce katanga ba, sai ya kifa. Na farkon ya san inda yake. Na biyun juyin ne yake da shi, ba shi yake da juyin ba. Duk wanda ya taɓa kallon jafi a ƙofar fada ranar hawan salla ya san ba a yaba wa doki don gudu kawai, kuma ba a yaba masa don ya tsaya saboda dama can ba ya gudu. Wanda ake tafa wa shi ne wanda ya taho a sukwane, ƙura na tashi, aka ja linzami ya ƙame a gaban sarki.

Wannan ra'ayi yana da tushe a koyarwar William Pensom, mutumin Birmingham da ya koma Kalifoniya, wanda littafinsa na 1958 kan wannan tsuntsu har yanzu shi ne madogarar masu kiwo a Ingila da Amurka. Shi ya yaɗa ma'aunin da ake bi: juyi ya yi sauri har tsuntsu ya zama kamar ƙwallo, ya gangaro a miƙe ba karkacewa, idan an kalle shi ta gefe a hango wani ɗan rami a tsakiyarsa. Amma ya kuma nace a kan halin tsuntsu, natsuwarsa da ƙarfin zuciyarsa. Ana ba da labarin cewa a ƙarshen rayuwarsa yakan ɗauki tsuntsu a hannu, ya dubi idonsa da tsayuwarsa, ya yanke hukunci ba tare da ya gan shi a sama ba. Ko da ya iya, shekaru masu yawa na kallon sama ne suka ba shi wannan ido. Masifar ita ce mabiyan da suka ɗauki wannan ɓangare suka bar wancan, suka shiga zaɓen iyaye daga kan sanda, suna duba takardar asali da launin ido. Takarda ba ta alkafura.

Dokokin gasa ma, idan aka karanta su da kyau, kamun kai suke sakawa. A gasar cin kofin duniya ta rola, mutum yakan saki garke na tsuntsaye 15 zuwa 20, alƙali ya tsaya a tsakar gidansa yana kallo na minti 20. Ba a ba da maki sai aƙalla tsuntsaye 5 sun juya tare a lokaci guda. Daga 5 zuwa 9 kowanne maki ɗaya ne, daga 10 zuwa 14 maki biyu-biyu, daga 15 zuwa 19 uku-uku, idan kuwa duka 20 suka zube tare, kowanne biyar. Saboda haka juyin tsuntsaye 8 maki 8 ne, na 16 kuwa 48. A ƙarshe alƙali yakan ninka jimillar da lambobi biyu, ɗaya ta inganci ɗaya ta zurfi, kowace tsakanin 1.0 da 2.0, ta yadda maki 200 da aka ninka da 1.4 da 1.3 zai koma 364. To, dubi abin da marar kamun kai yake jawowa. Ba ya jiran 'yan'uwansa, juyinsa yake yi shi kaɗai, wanda ba shi da ko maki ɗaya. Kafin ya komo garke ya yi gaba, kuma idan tsuntsaye biyu suna waje ana dakatar da ƙirga har sai sun dawo. Tsuntsu guda mai zafin kai yakan cinye wa sauran goma sha taran wahalarsu.

Sai dai a yi hattara, don akwai rami a ɗaya gefen. Wanda ya tsorata da faɗuwa, ya shiga fitar da duk tsuntsun da ya taɓa yin tuntuɓe, ya riƙa haɗa masu aminci da masu aminci kawai, bayan zuriya uku ko huɗu zai wayi gari da garke mai kyan tashi, mai haɗin kai, wanda zai yi awa guda yana kewaya unguwa ba tare da ko ɗaya ya juya ba. Kamun kan ya rinjayi juyin har ya binne shi. Masu kiwo da yawa sun bar harkar ta wannan ƙofa, ba gawa ko ɗaya a tsakar gida, amma kuma ba abin kallo.

Daga nan aka samu dabarar da ta fi yaɗuwa, wato a haɗa mai zafi da mai sanyi, a sa ran 'ya'ya za su faɗo tsakiya. Har a fim ɗin Hannibal na 2001 an sa wannan magana a bakin jarumin, cewa bai kamata a haɗa masu zurfi biyu ba, don 'ya'yansu za su gangara har ƙasa su mutu. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta zaga duniya. Gaskiyarta rabi ce. Gado ba kunu ba ne da za a sirka mai zafi da mai sanyi a samu ɗumi. Wanda ya haɗa tsuntsun da ba ya tsayawa da wanda ba ya juyi, abin da ya fi samu shi ne wasu su biyo wannan wasu su biyo wancan, ƙalilan su dace, kuma su ƙalilan ɗin suna ɗauke da cututtukan biyu a ɓoye, za su zuba ta ga nasu 'ya'yan. Masu zurfi biyu kuwa, idan kowannensu ya shekara biyu a sama bai taɓa ƙasa ba, babu haɗin da ya fi wannan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin gudu shi ne marar kamun kai, komi gajartar juyinsa. Ana iya ɗan gyara da haɗi, a ƙara wa gida zafi idan ya yi sanyi, amma a cikin iyakar tsuntsayen da dukansu sun ci jarrabawa.

Jarrabawar ita ce lokaci, kuma a nan yawancin ɓarnar take faruwa. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kwana 18 ko kusa da haka, ɗan shila ya bar gurbi bayan kamar mako huɗu. Daga nan sai a sa shi cikin ƙaramin akurkin garke, a koya masa sauka da shiga. Da farko zai riƙa ɗaga fukafukai yana zama a kan wutsiya yana zamewa, sannan ya fara alkafura ɗaya-ɗaya, sannan biyu, uku, har wata rana ya haɗe su. Wasu sukan kai nan a wata huɗu, wasu sai wata takwas, wasu sai sun kusa shekara. Lokacin da juyin ya fara kama tsuntsu sosai shi ne lokacin da ake gane ko waye shi. Za ka ga ya rikice, ya bar garke, ya sauka kan bishiya yana haki, wani lokaci ya ɗan bugi rufi wajen sauka. Mai kyau yakan yi kokawa da abin na 'yan makonni ya ci galaba, ya koma garke ya daidaita. Marar kyau kullum ƙara zurfi yake yi yana ƙara rikicewa. Abin da tsofaffin masu kiwo suka lura da shi shi ne cewa waɗanda suka fara da wuri ƙwarai, suka yi zurfi tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba, su suka fi ƙarewa a ƙasa.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai kiwo. Ga ɗan wata biyar yana gangarowa ƙafa 30 kamar ƙwallo, maƙwabta sun taru suna sowa. Ga shaho yana shawagi a unguwa. Zuciya za ta ce maka ka kama shi yau ɗin nan ka kulle a ɗakin iyaye kafin ka rasa shi. Ka kulle shi, ka ba shi mace, ya cika maka gida da 'ya'ya, ka sayar da wasu ka ba abokai wasu. Abin da ba za ka taɓa sani ba shi ne da ka bar shi wata uku a gaba, da ya tsaya ko da ya fashe. 'Ya'yansa ne za su ba ka amsa, bayan jininsa ya riga ya shiga ko'ina. Shi ya sa masu tsantseni ba sa ɗaukar tsuntsu zuwa ɗakin iyaye sai ya yi aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yana tashi, ya wuce zubar gashi, ya ga zafi da sanyi da iska. Zubar gashin ma wata jarrabawa ce, don idan gashin bakin fiffike na ƙarshe suna sauyawa, ko gwani yakan yi rauni.

Tsoron shahon ba na wasa ba ne. A Amurka shaho da sauran tsuntsaye masu farauta suna ganin tattabara mai juyi kamar mai rauni, su kawo hari, har wasu masu kiwo sukan kulle garkensu watanni. A 2007 hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ta gurfanar da wasu masu kiwon rola a Kalifoniya da Oregon bisa zargin kashe shahuna, waɗanda doka take karewa. Abin ya zubar wa harkar mutunci ƙwarai. Amma illar shaho da ba a cika faɗa ba ita ce wannan: yana tura mutane su riƙa zaɓen iyaye da wuri.

Abinci kuwa yana da tasa rawar, kuma yana yaudara. Abin da aka fi ba garken rola shi ne alkama da dawa, dawar nan tamu da Amurkawa suke nomawa don dabbobi, a ƙara ɗan wake idan ana son ƙarfi. Ana auna shi ne da gwangwani, sau ɗaya a rana bayan an sauko. Idan aka ƙoshe su da abinci mai nauyi sukan yi ƙarfi, su tashi sama sosai, juyi ya ragu. Idan aka rage, jiki ya yi sauƙi, juyi ya ƙaru, tare da haɗarinsa. Gwanin mai kiwo yana iya riƙe tsuntsu mai rawar kai da ƙarin wake, ya hana shi faɗuwa har ya gama gasa. Wannan dabarar filin gasa ce, kuma ba laifi. Laifin shi ne ya manta cewa waken ne yake riƙe da shi, ya sa shi cikin iyaye. Abin da yake cikin gwangwani ba ya shiga ƙwai. Haka kuma bai dace a yanke wa tsuntsu hukunci ba alhali an bar shi da yunwa ko tsutsar ciki ko an sake shi cikin iska mai ƙarfi. Faɗuwa ɗaya a irin wannan hali uzuri ce. Ta biyu da ta uku a rana mai kyau hali ne.

Idan an samu tsuntsayen da suka tabbata, sai maganar riƙe jinin. Kusan duk gidajen rola da suka yi suna daga 'yan tsuntsaye kaɗan aka gina su, ana haɗa dangi da dangi. Lissafin sananne ne: uba da 'ya ko wa da ƙanwa yana kai kusancin jini kashi 25 cikin 100, 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya kashi 12.5, 'ya'yan wa da ƙani kashi 6.25. Wannan haɗi ba ya ƙirƙiro alheri ko sharri, abin da yake ɓoye yake fitarwa fili, shi ya sa yake da amfani ga wanda zai tashi duk abin da ya ƙyanƙyashe ya rubuta, yake kuma da haɗari ga malalaci. Littafin mai kiwo na ƙwarai ba ado a cikinsa: lambar zoben ƙafa, uwa, uba, watan da ya fara juyi, zurfinsa, ko yana bin garke, ranar da ya bugu da inda ya bugu. Bayan shekara biyu shafukan nan sukan faɗi abin da ido ya ƙi gani, misali cewa namijin da ake ji da shi rabin 'ya'yansa a ƙasa suka ƙare, wata mace kuma da ba a cika kula ta ba duk wanda aka haɗa ta da shi sai ta ba da masu natsuwa. Ana auna iyaye da yawan 'ya'yansu na kirki, ba da gwani ɗaya da ya fito cikin ashirin ba. Launi kuwa, a bar shi inda ya faɗi. Wanda ya shigo da wani iri don neman gashi mai ban sha'awa ya shigo da ƙwayoyin gadon da ba su san juyi ba.

Akwai masu cewa harkar gaba ɗaya zalunci ce, tunda lalura ce aka mai da abin wasa. Ba magana ce da za a yi wa dariya ba. A Jamus sashe na 11b na dokar kare dabbobi ya haramta hayayyafar da aka san za ta jawo wa zuriya ciwo ko wahala. Mu ma a addinance an hore mu da tausaya wa dabba. A ganina tsuntsun da yake tashi da kyau, ya juya, ya tsaya, ya sauka lafiya, ya yi shekaru yana haka, ba a zalunce shi ba. Amma mutumin da ya san jinin gidansa yana kashe 'ya'ya a kan kwano, ya ci gaba da haɗawa don zurfin yana kawo masu saye, ba shi da amsar da zai ba masu wannan suka.

Saboda haka duk mai sha'awar tattabaru da aka yi wa tallar rola, a kasuwa ne ko a waya, kada hoton bidiyo na daƙiƙa goma ya ruɗe shi. Ya je gidan mai su ya ce a saki garken a gabansa, ya tsaya har su sauko, ya fi zuba ido a kan minti biyun farko da minti biyun ƙarshe, lokacin da suke kusa da rufi. Sannan ya tambayi shekara nawa uwar da uban suka yi suna tashi kafin a kulle su. Idan mai su ya fara kame-kame, ya riƙe kuɗinsa.